KU TAMBAYA MU AMSA: Tsohuwar Hopi mai ginin tukwane, da tulun Miriya

Jama'a assalamu alaikum. Tun da muka saka hoton tukunyar nan mai faɗin kafaɗa a fitowar da ta wuce, wadda muka ce wata mata 'yar ƙabilar Hopi ta Amurka mai suna Nampeyo ce ta gina ta, kuma an saida ta dalar Amurka 350,000, saƙonni ba su tsaya ba a WhatsApp ɗin filin nan, wasu tambaya, wasu gardama, wasu kuma cewa kawai suke mun fara sharar ƙarya. Na tsamo waɗanda suka fi nama a ciki, sauran ku yi haƙuri fili ne ya yi kaɗan.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ni ɗaliba ce a jami'a nan Damagaram, ina zaune Garin Malam. Dan Allah su waye Hopi ɗin nan, Indiyawa ne irin na ƙasar Indiya ko mi? kuma ita matar yaushe tayi zamani, tana da rai har yanzu?

AMSA: Lafiya lau ɗiyata. Ba Indiyawan fim ba ne, Hopi suna cikin mutanen da Anasara suka tarar a ƙasar Amurka, 'yan asalin wurin kenan, kuma har gobe suna nan a arewa maso gabashin jihar Arizona. Ƙasa ce busassa ta duwatsu da rairayi, ruwan saman da suke samu a shekara bai ma kai namu na Damagaram ba, amma a haka suke noman masara ba tare da ban ruwa ba, su tona rami mai zurfi su jefa iri can inda akwai sauran laima. Garuruwansu a bisa wasu tsaunuka ne guda 3 masu shimfiɗaɗɗen kai, gidajen dutse da laka manne da juna, ɗaya daga cikin garuruwan ma mai suna Oraibi mutane na zaune cikinsa tun wajajen shekara ta 1100 ba a taɓa tashi ba.

Ita Nampeyo an haife ta wajen 1860, nan wurinmu zamanin Sarki Tanimun kenan, a wani ƙauye da ake ce ma Hano bisa tsauni na farko. Hano ɗin kuma ba ƙauyen Hopi ba ne zalla, na Tewa ne, wasu mutane da suka taso daga gabas wajen kogin Rio Grande wajen 1700, bayan tawayen da 'yan ƙasa suka yi ma Sifaniyawa a 1680 da abin da ya biyo baya, suka zo suka zauna cikin Hopi aka yi ta auratayya amma suka ƙi sakin harshensu. Uwarta Tewa ce, ubanta Hopi daga ƙauyen Walpi da ke maƙwabtaka. Su kuma ta wajen uwa ake lissafin dangi, gida na mace ne, miji ne ke tarewa gidan matarsa, nasan 'yan matan jami'a za su ce a kawo mana wannan tsari nan. To ta wajen uwa ita 'yar dangin Masara ce. A 1875 wani mai ɗaukar hoto William Henry Jackson ya ɗauke ta tana budurwa 'yar wajen shekara 15, gashinta a naɗe gefe biyu yadda 'yan matan Hopi da ba su yi aure ba ke yi, lokacin ba wanda ya san ta da wata tukunya. Ta auri wani mai suna Lesou, sun haifi 'ya'ya 5, mata uku Annie da Nellie da Fannie, maza biyu. Ta rasu a 1942.

Abin da ya sa ake maganarta kuwa shi ne, lokacin da ta tashi ginin tukwane a wurinsu ya yi sanyi. Matan na shafa ma tukunya farar ƙasa a sama, in an gasa sai shafen ya yi ta tsattsagewa, ga kuma kwanonin ƙarfe sun fara shigowa ta kantin 'yan kasuwa. A gindin tsaunin nasu akwai wani kufai, Sikyatki, tsohon gari da ya mutu ɗaruruwan shekaru kafin a haife ta, kuma mutanen garin nan sun yi wasu tukwane ruwan ɗorawa masu ƙarfi da zane na ban mamaki, fukafukan tsuntsu, wutsiyar gaggafa, layuka sirara da ke zagaye tukunya su dawo su haɗe ba kuskure. Tsingaron tukwanen nan a warwatse yake a ƙasa kowa na takawa ya wuce, ita ce ta duƙa ta tsinta ta zauna tana nazari, ta nemo irin yumɓun da suka yi aiki da shi, ta watsar da shafen farar ƙasa, ta koma goge jikin yumɓun kansa har ya yi sheƙi sannan ta yi zane a kai. Kuma ba kwafa ta zauna yi ba, daga tsingaro ai ba ka samun zane cikakke, guntu ne, sauran daga kanta ta cike shi, shi ya sa masana ke iya gane salon zanenta.

Wani ɗan kasuwa haifaffen Ingila, Thomas Keam, da ya buɗe kanti kusa da su a shekarun 1870 yana sayen kayanta yana turawa gaba. Da jirgin ƙasa ya ratsa Arizona 'yan yawon buɗe ido suka fara kwararowa, sai kamfanin Fred Harvey mai otal-otal a bakin hanyar jirgin ya gina wani gida irin ginin Hopi a Grand Canyon, wani babban kwazazzabo da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa gani, a 1905, aka kai ta can da iyalinta su zauna suna aiki baƙi na kallo suna saye, ta koma a 1907, a 1910 kuma aka kai ta wani babban baje koli a Chicago. Ni dai wannan ɓangaren bai kwanta mani ba, a ɗauko matar aure da 'ya'yanta a ajiye masu kuɗi na zagaye su suna nuni da yatsa, amma gaskiya ta nan sunanta ya fita duniya, a zamanin da in an sayi kayan 'yan ƙasa ba a ma tambayar wa ya yi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan Miriya ne, tsohuwata maginiya ce tun kafin a haifeni, tulu da randa da kasko duk tana yi. Na nuna mata hoton a waya ta daɗe tana kallo, tace in tambayeka da mi matar take samun wannan launi kuma ya akayi kafaɗar bata rufta ba tunda faɗin yayi yawa. Da inji ne?

AMSA: Ƙanena ka gaida Inna ƙwarai, ka ce mata tambayarta ta fi ta kowa a wannan fitowa, don wanda ya taɓa laka ne kawai zai lura da maganar kafaɗar nan. Babu inji, babu ma faifan nan mai juyawa da Anasara ke gini a kai. Hannu ne zalla. Tana haƙo yumɓu a gindin tsauni, ta shanya, ta daka, ta jiƙa ta tace tsakuwa, ta cuɗa. Gindin tukunyar ta fara shi cikin wani ɗan kasko, daga nan ta murza laka ta yi tsawo ta naɗa a kai, ta murza wata ta ɗora, tana matsewa da yatsu tana kankarewa da sakaina har bangon ya yi siriri ya daidaita. Wasu maginanmu kan kifa tsohuwar tukunya su gina a bayanta, ita ba ta wannan, zagaye bisa zagaye take hawa.

Siffar da aka fi saninta da ita kamar an kifa ƙwarya bisa ƙwarya an danne, gajeruwa, mai faɗi, kafaɗar ta kusan kwantawa sannan ɗan ƙaramin baki a tsakiya. Inna ta yi gaskiya, laka ɗanya in ta kwanta haka nauyinta kan ja ta ƙasa. Dabarar haƙuri ce, ba a hawa gaba ɗaya, sai a bar na ƙasa ya sha iska ya ɗan yi ƙarfi kafin a ɗora na sama, in ka yi gaggawa ta rufta, in ka daɗe kuma sabuwar laka ta ƙi kama tsohuwa ta tsage a wuta. Kuma ba don wahala kawai ta zaɓi siffar ba, kafaɗar nan ita ce filin zane, wanda ya kalli tukunyar daga sama zai ga zanen gaba ɗaya a shimfiɗe.

In ta bushe sai a goge ta da dutse mai kaushi, sannan a ɗan jiƙa a bi ta da santsin dutse na rafi ana murzawa ana murzawa har ta ɗauki sheƙi, ba wani mai ko fenti a ciki. Baƙin zanen kuma daga ganye ne, akwai wani tsiro a wurinsu ɗan uwan gasayarmu ne ma, su tafasa shi ruwan ya ƙone ya yi kauri ya daskare, in za a yi aiki a jiƙa ɗan kaɗan a niƙa shi da wani dutse mai sinadarin ƙarfe a ciki. Ja kuma daga wata rawayar ƙasa, wuta ce ke maida ta ja. Alƙalamin zanen ganyen wani tsiron hamada ne da ake ce ma yuka, mai zare a ciki, a tauna bakinsa a bar 'yan zaruruwa, da shi ake jan layukan nan da za ka rantse da bik aka yi. Kuma ba a fara zanawa da fensir, da ido ake raba tukunyar gida huɗu ko fiye.

Launin ruwan ɗorawa da Inna ta tambaya daga yumɓun ne da kansa, ɗanyensa toka-toka ne, in ya ci wuta mai iska sosai sai ya koma rawaya, inda wuta ta fi bugu ya yi ja-ja, shi ya sa za ka ga gefe ɗaya ya fi wani nuna kuma masu saye wannan ɗin suke so. Gashi a fili ake yi, a jera tukwane a rufe su da manyan tsingaro don kar makamashi ya taɓa zanen, a lulluɓe da busasshen kashin tumaki a sa wuta. Mutanen Sikyatki na da can da gawayin dutse suke gashi don akwai shi a ƙasarsu, tumaki sai da Sifaniyawa suka zo aka same su. Ka ga dai in ka cire launin yumɓu da irin zanen, babu abin da zai ba Inna tsoro a nan.

TAMBAYA: Ni malamin lakwal ne a Zango. Na karanta a intanet cewa wani Bature mai tonon kayan tarihi ne ya nuna mata zanen, mijinta na cikin leburorinsa. Kenan ba basirarta bace, Baturen ya kamata a yaba ma.

AMSA: Mushe wannan labari ya daɗe yana yawo kuma har cikin littattafai ya shiga. Abin da ya tabbata shi ne a 1895, shekara 4 kafin Faransawa su ci Damagaram, wani mai bincike Jesse Walter Fewkes daga cibiyar Smithsonian ta Washinton ya zo ya tona Sikyatki ya kwashe ɗaruruwan tukwane. Daga baya aka riƙa cewa Lesou na cikin masu tonon, shi ya kai ma matarsa zanen, daga nan ta fara. Masu bincike na baya da suka bi hotuna da rubuce-rubucen farkon shekarun 1890 sun nuna tana aiki da tsofaffin zanen tun Fewkes bai taka wurin ba. Kuma ka duba da hankali mana Mushe, mace an haife ta bisa tsaunin, kufan na ƙasan gidansu tafiyar ƙafa, sai baƙo daga Washinton ne zai nuna mata tsingaron da take takawa tun tana yarinya? Abin da zan yarda da shi, tonon ya fito da tukwane cikakku da yawa, ya kuma sa gidajen tarihi da masu kuɗi suka fara neman irin wannan kaya, kasuwa ta buɗe. Wannan daban, koyarwa daban.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, yawancin tukwanen da aka kwasa daga kaburbura aka ciro su, kayan da aka binne mutane da su ne. Sai a 1990 Amurka ta yi dokar da ta tilasta ma gidajen tarihi masu samun kuɗi daga gwamnati su maida ƙasusuwa da kayan kabari ga ƙabilun da ke da su. Dokar kuma ba ta ƙetare teku, shi ya sa a 2013 aka yi gwanjon kayan ibadar Hopi kusan 70 a Paris, sun yi kuka, an je kotu, kotun Faransa ta ce a ci gaba da ciniki. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne, a Bura can wajen Tera an gano wata tsohuwar maƙabarta mai tukwane da mutum-mutumin laka a 1975, Boube Gado ya jagoranci tono na ilimi a 1983, da duniya ta ga kayan sai ɓarayin tono suka faɗa ma yankin, har a 2000 aka saka kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ake gargaɗin kar a saya. In kana koya ma yara tarihi ka haɗa masu biyun.

TAMBAYA: Malam mu 'yan kasuwa ne a Kasuwar Dole ba'a mana wasa da lissafi. Tukunyar laka dala dubu ɗari uku da hamsin?? ko zinari aka zuba ciki. In gaskiya ne to matar ta mutu miloniya kenan.

AMSA: Alhaji gaskiya ne, a 2010 aka yi gwanjon a Amurka, a canjin lokacin kuɗin ya haura miliyan 170 na sefa. Amma ka lura da shekarar, tana kabari da shekara 68 aka yi cinikin. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ita a rayuwarta kuɗi kaɗan take samu, sau da yawa ma musaya ce da kayan masarufi a kanti, ta rayu a ƙauyenta ta mutu a ƙauyenta, abin da za a ce dai sana'ar ta riƙe gidan, ta kuma buɗe ma sauran matan tsaunin hanyar samu don da suka ga ana saye su ma suka kama irin aikin.

Kai da ka san ciniki, ba laka aka saya ba. An sayi suna, an sayi tsufa, an sayi takarda. Tukunyar nan an san hannun da ta bi, ta taɓa zama mallakin wani tsohon magajin garin Chicago kafin ya ba wata ƙungiya a birnin, to duk wannan sarƙa a rubuce take, kuma maginiyar ta mutu ba za a ƙara samun sabuwa ba. Irin tukunyar in ba a san wadda ta gina ta ba, ba za ta yi wannan kuɗi ba. Ka duba naira 20 da ke shigo maku daga Kano, matar da ke bayanta tana gini Ladi Kwali ce, ita ma a ƙauye ta koya wajen danginta, ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja wato Suleja a 1954, ta rasu 1984, yau tukwanenta sai mai ƙwarin aljihu. Maginan da suka kai ta iyawa a ƙasar Hausa Allah kaɗai ya san yawansu, sunansu ne bai bi tukunyar ba.

Sai dai akwai abin da aka rasa a cinikin nan kuma ban ga ana kuka da shi ba. Tukunyar Hopi ta zama kayan ado, ana ajiye ta cikin gilashi, masu saye har gargaɗi ake masu kar su zuba ruwa ciki. Tulun Miriya kuwa da duk bido da firigo da suka cika gari, ran da wuta ta ɗauke a watan Afirilu kowa ya san inda yake nufa. Ni ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohuwa ce a Birni jikata ke karanta mani filinka. Tace wai matar makauniya ce. To makaho ya zai yi zane?

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba da makanta aka haife ta ba, ciwon ido ne ya kama ta da girma, irin wanda muke ce ma amadari, wanda in ya yi nisa gashin ido ke juyawa ciki yana kartar ido, kin san yadda ya wahalar da mutane a ƙauyukanmu kafin a tashi tsaye da magani da aiki. A hankali ganin ya riƙa raguwa, zuwa wajen 1925 ba ta iya jan layi. Amma gini bai tsaya ba, hannu ya riga ya haddace, da taɓi take sanin kaurin bango da inda ya karkace, ta gina ta goge, sai mijinta kafin ya rasu da 'ya'yanta mata su yi zanen, musamman autarta Fannie wadda aka haifa a 1900. Haka ta yi ta yi har kusan ƙarshen ranta.

Wannan ya jawo ma masu tara kaya ciwon kai har yau, don ita ba ta yi lakwal ba, ba ta rubuta sunanta a gindin tukunya, in ma an ga sunan a rubuce wani ne ya rubuta mata, kuma tun idonta na gani ita da babbar ɗiyarta Annie tare suke aiki. To tukunyar da uwa ta gina ɗiya ta zana ta wa ce? Anasara na son a ce masu mutum ɗaya, su kuwa a gidan aikin gida ne, wanda ya iya wannan ya kama, kin fi ni sanin haka ake yi a kowace tsakar gida da ake sana'a.

Gadon kuwa ya yi albarka. Fannie ta ci gaba har ta rasu a 1987, tana rubuta sunan Nampeyo haɗe da nata ta zana ɗan hoton masara alamar danginsu. 'Ya'yan Annie, Rachel da Daisy, duk magina ne, Daisy har Paris ta je karatun zane. Ɗiyar Rachel mai suna Dextra Quotskuyva, 1928 zuwa 2019, da yawa na ganin bayan tsohuwar ba a yi kamarta ba a gidan, ta riƙe yumɓun da kashin tumakin da ganyen yuka amma zanenta sabo ne, ba ta cika maimaita tukunya ba. Ɗan Dextra kuma Dan Namingha, haifaffen 1950, shi bai tsaya kan laka ba, mai zane ne a allo da sassaƙa, sananne a birnin Santa Fe, kuma in ka kalli aikinsa tsaunukan nan da alamomin gidansu ne ke ciki. Yau maza ma na gini a zuri'ar, abin da a zamaninta aikin mata ne.

TAMBAYA: Salam Malam, muna da ƙungiyar mata masu sana'ar hannu nan Sabon Gari, mun taɓa kai kaya SAFEM, baje kolin sana'ar hannun mata, a Yamai. Shawara muke nema, in muka ɗauki zanen matar nan daga intanet muka sa maginanmu suka yi irinsa bisa tulu, ba zai fi shiga kasuwar waje ba?

AMSA: Hajiya ban ba ku wannan shawara ba. Na farko a Amurka akwai doka tun 1990 da ta hana saida kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar in ba su suka yi ba, ana cin tara ana ɗauri. Za ku ce ai ba za mu ce na Hopi ne ba, to sai ya zama mi, tulun Damagaram da rigar aro, wanda ya san Hopi ba zai saya ba wanda ke neman na Nijar ma ba zai saya ba. Na biyu zanen nan ba ado ne kawai a wurinsu ba, akwai girgije da ruwan sama da ƙaurar kakanni a ciki, wasu na da alaƙa da addininsu, wasu kuma ko a cikin Hopi an san na gidan Nampeyo ne sauran gidaje ba sa taɓawa.

In akwai abin ɗauka wurinta, yadda ta yi ne. Ku zagaya Birni ku kalli zanen da ke fuskar tsofaffin soraye tun kafin siminti da damina su gama da su, ku shiga wajen dukawa ku ga abin da suke yi bisa fata, ku roƙi tsofaffi su fito maku da tulunan aurensu da ke ƙarƙashin gado, ku ɗauki hoto da waya ku kai ma maginan, ku bar su su sarrafa da kansu kar ku tsaya masu a ka. Sannan kowace maginiya ta samu alamarta a gindin tukunya tun laka na ɗanya, ba sai ta iya boko ba. A tsaunin su Nampeyo akwai wata maginiya Paqua Naha da ke zana kwaɗo a gindin nata, ɗiyarta Joy Navasie ta gaji kwaɗon ta ɗan sauya masa ƙafafu don a bambanta, har yau da kwaɗon nan ake gane kayansu a yi masu kuɗi. Ku kuma ku riƙe kaye guda, wa ta gina, a ina, wace shekara, wa ya saya. Sai maganar da ta fi zane wuya, fashewa a hanya, tulu babba ba ya son mota balle jirgi, don kasuwar nesa ku gwada ƙanana masu kauri daidai, manyan ku bar ma kasuwar gida. Kuma kuɗin da aka samu a san nawa ya koma hannun wadda ta yi ginin, ku faɗa mata farashin da kuka saida.

TAMBAYA: A ina mutum zai ga aikinta da idonsa?

AMSA: Sai ka samu biza ƙanena. Akwai su a gidan tarihi na Heard a Phoenix, da na Arewacin Arizona a Flagstaff, da Smithsonian a Washinton. Kafin nan rubuta Nampeyo a Google ka shiga wajen hotuna, amma ka duba sunan farko da shekara, don rabin abin da zai fito maka na jikoki ne.